Kazamaki, Direban da Ya Ƙi Rage Murya

"Na ce ka tafi da turarenka."

"Zan tafi, uwargida. Tsinke ɗaya zan kunna, in juya."

"Je ka kunna a gidanka. Ko babu ashana a gidajen direbobi?"

"Akwai ashana."

"To?"

"Hotonsa ne babu."

"Hoto kake nema? Kai da ka yi masa ganin ƙarshe? Ni da na haife shi ba a bari na buɗe fuskarsa ba. Kai ka gani. Bai ishe ka ba?"

Mahaifiyata ce ke magana. Ba ta buɗe ƙofar duka ba, iyakar yadda muryarta za ta fita. Wanda ke tsaye a waje, hula a hannu, kai a ƙasa, shi ne Kazamaki Teruo, direban jirgin ƙasan da ke dakon dutse. Shi ne ya take yayana. Shi kuma nake yi wa wannan jinjinar. Na san yadda abin zai sauka a kunnen wasu. Su yi haƙuri su karanta zuwa ƙarshe.

Wannan faɗan ba sabo ba ne. Duk wata, ranar da ta dace da ranar mutuwar yayana, Kazamaki yakan zo da ƙullin turaren tsinke. Abu ɗaya yake roƙo: a bar shi ya shiga, ya durƙusa gaban ɗan kabad ɗin da muke ajiye hotunan mamatanmu, ya kunna tsinke ɗaya kamar yadda kowane baƙo ke yi. Mai kawo madara ya taɓa yi. Mai karanta mitar ruwa ma ya yi. Shi kaɗai aka hana, shekara goma sha biyu.

Ran nan dai ya ƙara da abin da bai taɓa faɗi ba.

"Wata mai zuwa ba zan zo ba, uwargida. Za a soke jirgin dutse. Ni ma zan ajiye aiki. 'Yata za ta ɗauke ni zuwa can arewa, hayin teku."

"Madalla," in ji mahaifiyata. "Ka tafi da bakinka."

Ta ja ƙofa. Ya sunkuyar da kai ga ƙofar da ke rufe, ya daɗe a haka, sannan ya tafi.

*

Kafin hankaka ya farka Kazamaki yake fita. Keke, jakar abinci mai curin shinkafa biyu da ɗan busasshen kifi, butar shayi. Yana isa loko, inda kawunan jirgi ke kwana, sai ya zura farar safar hannu. Kullum fara tas. Bando, wanda ya yi masa mataimaki shekara da shekaru, yakan ce ko gawar Kazamaki aka tono za a same ta da wankakkiyar safa.

Sai ya zagaya kan jirginsa, Lamba Uku, da ƙaramar guduma, yana ƙwanƙwasa ƙafafu yana saurare. Ya buɗe akwatin yashi ya damƙa ya ji ko ya yi damshi, don jiƙaƙƙen yashi ba ya zuba a kan dogo lokacin da ƙafa ke sulɓi. Ya hau, ya saki hannun ƙarfen nan na kan rufi ya miƙe har ya taɓa wayar sama. Injin ya soma gunji ƙasa-ƙasa, kamar tsoho mai gyaran murya.

Duk abin da ya duba, sai ya miƙa yatsa ya nuna shi, ya kira sunansa da ƙarfi, ya rufe da kalmar nan da ma'aikatan dogo ke rufewa da ita. Birki, yoshi. Fitila, yoshi. Sigina, yoshi. Komai lafiya ke nan. Haka ake koya wa kowa tun ranar da ya fara aiki: ido kaɗai yana yaudara, sai an haɗa masa da yatsa da murya.

Sunan yayana Yoshito. A gida Yoshi muke ce masa.

*

Layinmu ba na gwamnati ba ne. Masu fasa dutsen siminti da wasu attajiran kwarin nan ne suka shimfiɗa shi tun zamanin kakan kakana, don a sauko da dutse daga tsauni zuwa masana'anta a bakin kogi. Da jirgin kwal aka fara. Tsofaffi sun ce tun yana ƙauye biyu baya ake jin nishinsa, kuma duk matar da ta shanya farin kaya a gefen layi baƙi take kwashewa.

Bayan yaƙin duniya kwal ya yi wuya, ga kuma madatsar ruwa a sama tana ba da wuta. Sai kamfani ya kakkafa turaku, ya ja waya, ya sayo kawunan jirgi huɗu na hannu, masu lantarki. Ba su da kyan gani. Akwatuna ne kawai masu kalar tsatsa, da ɗan baranda gaba da baya. Amma suna jan dutse ba tari ba hayaƙi. Taragun fasinja daga baya an kawo masu tuƙa kansu, don haka waɗannan huɗun ba su da aiki sai dutse: su hau da taragu wayam, su sauko da su maƙil. Mata suka yi murna, wanki ya yi fari. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin shirun.

Tsohuwa Kikuno, mai awara a gefen gidanmu, ta girma a zamanin jirgin kwal. Ita takan ce, "Wancan mai ladabi ne, tun daga nesa yake sallama. Wannan kuwa ɓarawo ne, sai dai ka ji shi a bayanka."

Hanyoyin ƙafa da ke tsallaka layin suna nan yadda suke tun zamanin kwal. Ba shinge, ba ƙararrawa, sai ɗan allo mai gicciye. Mutane sun saba su tsallaka da kunne, haka kuma suka koya wa 'ya'yansu. Saniya aka fara takewa. Daga baya wani tsoho mai ɗauke da itace. Kamfani yakan ce yana nazarin sa shinge. Har yau yana nazari.

Kawunan ma sun tsufa tare da mutanen. Lamba Ɗaya ta ƙone a kan gada. Lamba Huɗu aka yi ta cire mata sassa ana ciyar da sauran, har ta koma ƙwarangwal, kyanwoyi na haihuwa a ciki. Biyu da Uku suka rage. Uku ce ta Kazamaki.

Matsallakarmu tana ƙarƙashin wata kwana, gora ta rufe ta ta ɓangaren tsauni. Tagar kicin ɗinmu tana kallon wurin. In ka watsa ruwan wanke-wanke da ƙarfi zai iya taɓa tsakuwar layin.

*

Da kaka ne, safiya mai hazo. Yoshito yana ajin ƙarshe na sakandare, ya makara, ya fita da keke da jakar wasan ƙwallo a baya. Jirgin dutse yana saukowa cike.

Bando ya ce shi bai ma ga komai ba tukuna ya ji Kazamaki ya finciki birki ya danne oda. Amma dutsen da ke baya ba ya jin birki nan take. Turowa yake yi.

Ba zan faɗi sauran ba. Abin da mutane suka gani shi ne Kazamaki ya sauko, ya cire rigarsa ta aiki ya lulluɓe shi, ya durƙusa a kan tsakuwa da 'yar shara a cikin sanyin nan, bai motsa ba har 'yan sanda suka ɗaga shi. An yi bincike, aka ce ba shi da laifi. Mahaifina a lokacin ya riga ya rasu, ƙurar dutse ta ci masa huhu. Mu biyu muka rage a gidan.

Kamfani ya ce wa Kazamaki ya koma tashar ƙasa ya riƙa yanka tikiti. Haka ake yi wa direban da irin wannan ta same shi, kuma yawanci sukan karɓa da godiya. Shi ya ƙi. Ya ce in ya sauka, wani ne zai hau wanda bai san wurin ba.

Abin da kamfani ya yi ɗaya ne: ya ce jirgi ya riƙa rage gudu a matsallakar, direba ya buɗe taga ya duba ya tabbatar. To a nan masifar ta fara. Jirgin lantarki in ya rage gudu kusan ba ya ƙara. Ranar da Kazamaki ya koma aiki, mahaifiyata tana kicin tana zuba miya. Sai ga Lamba Uku ta sulalo, ga farar safa ta fito ta taga tana nuna daidai inda aka kwashe ɗanta, ga murya kamar ta mai kiran wani daga gona:

"Matsallaka... yoshi!"

Kwanon ya faɗi. Ta san ma'anar kalmar, kowa ya sani. Amma kunne ba ruwansa da abin da ka sani.

Sauran direbobin sun gane. In sun zo saitin gidanmu sai su haɗiye kalmar, leɓe kawai ke motsi, yatsa ma a ɓoye ƙasan taga. Kazamaki kuwa bai rage ko kaɗan ba. Safiya, rana, yamma. Ta aika masa ta bakin mutane. Ta tare shi da kanta a hanya ta ce ya daina kiran sunan ɗanta. Ya sunkuya har ƙasa ya ba ta haƙuri. Washegari ya sake.

Bando ya gaya mini yadda suka yi a loko.

"Kai tsoho, dutse ne a ƙirjinka? Matar nan tana ji fa."

"Na san tana ji."

"To rage murya mana. Wa zai kama ka? Sufeto yana can yana ɗumama ƙafa a ofis."

"Ba don sufeto nake yi ba."

"Don wa? Don gora?"

"Bando, na san kaina. In na rage murya a wurin nan, ba za a daɗe ba zan daina ɗaga yatsa. In na daina ɗaga yatsa, zan daina kallo. Ba na son kallon wurin. Muryar ce ke tilasta mini."

"To ka ce wata kalmar."

"Wacce? Ita ce jikina ya sani."

Bando ya ce daga nan ya yi mako bai raba masa sigari ba.

Gari ya juya masa baya. A shagon taliya in ya zauna, na kusa da shi yakan matsa. Yara suna binsa a keke suna nuna shi da yatsa suna kwaikwayon muryarsa. Ya je sayen awara wajen Kikuno, ta dube shi ta ce ta ƙare, ga faranti cike a gabanta yana tururi. Ya ce to, ya gode, ya tafi. Fiye da shekara biyu awarar tana ƙarewa duk ran da ya zo.

Tun a shekarar farko aka fara ganinsa ranakun hutunsa a kwanar nan, da zarto da adda. Gorar ba tasa ba ce, ba ta kamfani ba ce, ta wani ne da ya koma birni ya manta da ita. Kazamaki ya sare ta tun daga bakin layi har inda direba zai iya hango matsallakar kafin ya gama shan kwana. Shi kaɗai ya yi, yana jan sandunan ɗaya bayan ɗaya zuwa gefe. Gora kuwa ba ta mutuwa. Duk bazara sai ta tsiro, shi ma sai ya dawo. Babu wanda ya sa shi, babu wanda ya ce masa sannu. Mahaifiyata in ta hango shi ta taga takan ce, "Ga shi can yana share wurin da ya yi yanka."

*

Abin da zan faɗa yanzu ban san shi ba sai bara, da Kikuno ta gaji da riƙewa. Na tambayi mahaifiyata ko in rubuta. Ta ce, "Rubuta mana. Ai ni ce barewar."

Hunturu na uku bayan mutuwar. Safiya, raɓa ta daskare a kan dogo, ni ina makaranta. Kikuno tana tace waken suya sai ta ga mahaifiyata ta fito da rigar girki, ba ko rigar sanyi, ta taka zuwa matsallakar. Ba ta tsallaka ba. Ta tsaya tsakanin ƙarafan biyu, ta juya ta fuskanci tsauni.

Lamba Uku tana saukowa da dutse.

Bando yana gefen Kazamaki. Ya ce sun shawo kwana, farar safa ta tashi kamar kullum, bakin ya buɗe, "Matsallaka..." Sai shiru. Kalmar ba ta fito ba. Hannu ɗaya ya tafi birki, ƙafa ta danne madannin yashi. Ƙafafun jirgin suka kulle suna ihu a kan ƙanƙara, dutsen baya yana turowa, taragu suna karo da juna ɗaya bayan ɗaya har can ƙarshe. Bando ya ce shi rufe ido ya yi.

Da ya buɗe, jirgin yana tsaye. Mahaifiyata ta miƙa hannu ta ɗora a kan ƙarfen gabansa. Ba sai da ta matsa ba.

Da gorar tana nan, da bai gan ta ba sai ya zo kanta. Da kuma irin duban da sauran ke yi ne, kai a kauce don kunya, da ya makara.

Kazamaki ya sauko. Kikuno ta riga ta iso da gudu, hannunta duk ruwan wake, don haka ta ji komai.

"Me ya sa ka tsaya?" in ji mahaifiyata.

"Hanya ba lafiya, uwargida."

"Shi me ya sa ba ka tsaya masa ba?"

Kikuno ta ce safar hannunsa ta jiƙe sharkaf da gumi a cikin wannan sanyin. Can ya ce:

"Akwai ɗayan yaron. Zai dawo da yunwa."

Kikuno ta ja ta zuwa shagonta, ta zaunar da ita kusa da murhu. Shi kuma ya hau ya ƙarasa da dutsensa.

Birkin ya cinye ƙafafun Lamba Uku, sai da ta kwanta gyara. Aka kira shi ofis. Da ya faɗi gaskiya, da 'yan sanda sun zo, da an kai ta asibitin masu taɓin hankali can bayan tsauni, da ni an tura ni wajen dangi, da kuma sunanta ya zama abin hira a kowane shago. Sai ya ce barewa ya gani.

"Barewa? Saboda barewa ka lalata mana ƙafafun jirgi?"

"Eh, ranka ya daɗe."

"Bando, kai ma ka gan ta?"

"Na ga wani abu mai ƙafafu," in ji Bando.

Aka yi masa faɗa a gaban yaran da shi ya koya wa aiki. Aka hana shi ƙarin girman da ya kamata ya samu, bai kuma ƙara samun wani ba har ya ajiye aiki. A loko suka sa masa suna Baban Barewa. In an yanka nama a liyafar ƙarshen shekara sai wani ya ce a ɓoye wa tsoho, kada ya ga ɗansa a faranti. Yakan yi murmushi ya ci shinkafarsa.

Ranar da Lamba Uku ta fito daga gyara, ta sulalo ta gaban tagarmu. Farar safa ta fito.

"Matsallaka... yoshi!"

Da ƙarfinta, kamar ba abin da ya faru.

Tun daga ranar awarar Kikuno ba ta ƙara ƙarewa ba in ya zo. Mahaifiyata kuwa ba ta sauko ba. Duk wata yana zuwa, duk wata tana korarsa. Amma ƙanwarta ta yi ta roƙonta mu koma birni, ta ƙi. Na ce mu mai da kicin ɗaya ɓangaren gidan, ta ce ba ruwana da kicin ɗinta. Kuma ko ana zuba dusar ƙanƙara, tagar nan ba ta rufuwa duka. Takan ce don hayaƙin kifi ne.

*

Masana'anta ta ce tifa ta fi sauƙi. Kawunan jirgin sun haura shekara saba'in, babu mai ƙera sassansu, babu kuma wata Lamba Huɗu da za a ci. Ina cikin waɗanda aka ɗauka tuƙin tifar. Ba ni da abin cewa a kan wannan.

Ranar ƙarshe mutane suka zo daga birane da manyan kyamarori, suka cika matsallakarmu, suna tattake kututturan gorar. Sun san shekarar da aka ƙera Lamba Uku, sun san nauyinta. Wani ya tambaye ni ko nan ne wurin da hoto ya fi kyau. Na ce eh, tun da aka sare gora.

Lamba Uku ta sauko da furanni a goshi. Farar safa ta fito, muryar ta fito, kyamarori suka yi ta ƙyas-ƙyas. Wani ya yi tafi. Mahaifiyata ba ta fito ba, tana wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Washegari kwarin ya yi tsit. Na fito na same ta tsaye da ludayi a hannu, tana kallon tagar, miya tana ƙonewa a bayanta. Haka jibi. Haka gata.

*

Kazamaki, ni ba mai iya magana ba ne, kai ma haka. Ban taɓa gaishe ka a hanya ba. Na taɓa tofar da yawu da ka wuce, ka kuma gani.

Kai ne ka gwammace a tsane ka da a ce ka kau da ido. Kai ne ka koma wurin da kowane mutum zai guje wa, safe da yamma, ka nuna shi da yatsa ka dube shi sosai. Sauran sun tausaya mana, suka rage murya, muka ji daɗinsu. Kai ka ƙi tausaya mana ta wannan hanyar, shi ya sa nake da uwa yau. Baban Barewa, sun sa maka sunan don dariya, ni da shi zan riƙa tuna ka. Tun daga ranar hazon nan har ranar furanni, babu ran da ya sake salwanta a matsallakarmu. Babu wanda zai ba ka lambar yabo a kan wannan, don ba a ƙirga mutanen da ba a take ba.

Na gode. Na gode da gorar. Na gode da ƙaryar da ka yi a ofis.

Ku kuma abokan aikina masu tifa, da ku masu tuƙa taragun fasinja da har yanzu ke bin layin nan: gorar za ta tsiro bana, kuma mai sare ta ya tafi. Zarto da addar suna shagon Kikuno, ya bar su can. In kun zo wurin da ba ku son kallo, ku ɗaga yatsa ku buɗe baki, ko da wani zai zage ku. Ni na fara yi a cikin tifa, ni kaɗai, kamar mahaukaci. A mararrabar makaranta nake fi ɗaga murya.

*

Saura abu ɗaya.

Ranar da 'yarsa ta zo ɗaukarsa ba ranar zuwansa gidanmu ba ce. Ya sa ta tsaya da mota a bakin hanya. Niyyarsa ya ajiye ƙullin turaren a bakin ƙofa ya juya, ba tare da ya ƙwanƙwasa ba. Ina tsakar gida ina wanke takalmin aiki, na ga lokacin da ya iso ya tsaya cak.

Ƙofar a buɗe take, duka. A kan dakalin shiga an ajiye silifan baƙi, an juya su yadda mai shigowa zai zura ƙafa. Tun ranar da jirgi ya daina wucewa take ajiye su kullum da safe, ta ɗauke da yamma. Ban tambaye ta ba.

Ya tsaya yana kallonsu.

"Za ka shigo ko sai sauro ya cika min gida?" in ji mahaifiyata daga ciki.

Ya cire takalmi. Ni na jera masa su. Ya shiga a sunkuye, ya durƙusa gaban kabad ɗin. Ga mahaifina, ga Yoshito da hular wasan ƙwallo yana dariya, haƙorinsa ɗaya a karye. Kazamaki ya daɗe yana kallon hoton. Bai taɓa ganin fuskar tana dariya ba.

Ya kunna tsinke ɗaya, ya kaɗa hannu ya kashe harshen wutar, ya kafa shi cikin toka. Ya buga 'yar ƙararrawar da ke gaban hotunan. Ya haɗa tafin hannu. Ƙarar ta yi ta raguwa har ta mutu.

"Kira shi," in ji mahaifiyata.

"Uwargida..."

"Shekara goma sha biyu kana kwarara mini shi ta taga, ina girki, ina wanka, ina zazzaɓi. Yau ga ka ga shi. Kira shi inda zai ji."

Hannunsa na dama ya tashi da kansa, yatsa ya fara miƙewa wajen hoton. Babu safa. Ban taɓa ganin ya yi nuni da hannu tsirara ba, hannun duk tabon gora ne. Ya dube shi, ya mai da shi kan cinya.

"Waccan kalmar ba zan iya faɗinta a nan ba," ya ce. "Ba abin da yake lafiya a ɗakin nan."

"To faɗi wadda za ka iya."

Ya ɗaga kai ya dubi hoton.

"Yoshito."

Da ƙyar na ji. Shi ne karo na farko da na ji mutumin nan ya rage murya.

Mahaifiyata ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta zuba masa shayi, ya sha rabi. A waje 'yarsa ta ɗan taɓa odar mota sau ɗaya, cikin ladabi. Ya sunkuya har goshinsa ya taɓa tabarma, ya miƙe. Ita ba shi take kallo ba. Ta ƙofar kicin take kallo, inda tagar nan ke buɗe, ga dogo a miƙe, ga wayar sama, ga sababbin tsiron gora sun fara leƙowa a kwana.

"To gobe da safe fa," ta ce, "wa zai kira shi?"